Ranar da Na Mayar da Ƙwallo

Mutum na farko da ya yi mini fara'a a ƙasar Amurka ɓarawo ne. Ina tsaye a tashar manyan motoci ta Niyu Yok, sanyi yana cizon kunnuwana, sai ga wani mutum mai kwat da hular malafa ya nufo ni yana murmushi. Ya dubi tikitina, ya gyaɗa kai, ya ɗauki akwatina ya yi gaba. A tashar Tasawa haka ake yi: mutum ya sunkuci kayanka ya kai maka gindin mota, kai kuma ka biyo shi a hankali kana gaishe-gaishe. Har godiya na yi masa. Na tsaya gyara igiyar takalmi, na ɗaga kai, babu mutum babu akwati.

Bargona yana ciki, da manyan riguna biyu, da kilishi, da ƙullin yaji. Duk waɗannan ban yi kukansu ba. Abin da ya sa na zauna a kan benci shi ne wani ɗan ƙulli na gyaɗar gonar mahaifina, wadda ya tona da hannunsa don in nuna wa masana ciwon da ke cinta.

Sunana Ilu, ɗan Korgom. A shekarun farko na mulkin kai ni mai awon gyaɗa ne a Tasawa. Da yake na yi lakwal, wato makarantar boko, ina da Faransanci da ɗan Ingilishi na gaisuwa, sai gwamnati ta sa sunana cikin waɗanda za a tura koyon noman gyaɗa na wata tara. Damina uku ke nan a jere gyaɗar Baba tana kamuwa: ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, gindi ya tsugune ya ƙi yaɗo, in ka tona sai ɓawo babu ƙwaya. Da na je masa da labarin tafiya bai yi mini barka ba. Cewa ya yi:

"Su gomnati takarda suka aike ka. Ni iri na aike ka. In ka dawo da takarda babu iri, wuce Tasawa abinka su ba ka kujera, kada ka wahal da kanka zuwa Korgom."

Da wannan magana a raina na hau motar kudu daga Niyu Yok, da jakar hannu ɗaya da rigar da ke jikina.

Kwana biyu muna tafiya. A yini na biyu muka tsaya wani gari, direba ya waiwayo ya nuna ni da yatsa, ya nuna bayan mota. Na ɗauka gaba ta dattawa ce, na tashi da ladabi. Sai na ga wani saurayi Bature ya zube a kujerata yana tauna cingam. Zuciyata ta taso, na buɗe baki, sai na ji an ja mini hannun riga. Wata tsohuwa ce baƙa, da kwando a cinya. Ta girgiza mini kai, ta matsa ta ba ni wuri. Ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Ta buɗe kwando ta ba ni burodi da cinyar kaza, ta zuba mini ido har na cinye. A tasha ta gaba ita ta nuna mini cewa famfon ruwa biyu ne, kuma ta nuna mini nawa. Na sha ruwan ina tunanin cewa a gida mun riga mun raka kumandan, Baturen mulki, ya tafi.

Makarantar noman tana bakin wani ƙaramin gari mai jar ƙasa. Ba a yarda in kwana tare da ɗalibai ba, sai aka ba ni wani ɗaki a bayan siton iri. Kullum safiya sai na wuce ta gaban buhunan nan, suna jere a bayan waya da kwaɗo, manyan ƙwayoyi masu kyau kamar an zaɓe su ɗaya-ɗaya. Mai makarantar, wanda nake kira Direkta, dogo ne mai sanyin murya, ba ya zagi ba ya dariya. Ranar farko ya zaunar da ni ya yi mini magana a hankali don in gane.

"In ka gama lafiya, akwai takardar shaida, akwai ƙaramin buhu na irin nan, da takardun da za su fitar da shi daga ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne. Garin nan yana da nasa tsari. Kada in ji sunanka a bakin kowa."

Na ce masa ba zai ji ba. Ni da na zo neman iri, me ya haɗa ni da gari?

Amma zama ya gagare ni. Abinci komai da alade a ciki, sai na koma burodi da dafaffiyar gyaɗa, ina mafarkin furar gero da nono. Ba wanda zan ce wa sannu ya amsa mini yadda ake amsawa. In an tashi daga aji sai in bi gefen gonaki in yi ta tafiya har ƙafa ta gaji, in dawo, in sake fita. Da ruwa ya fara sauka a can sai lissafin gida ya kama ni: yanzu an yi shuka, yanzu ana noman fari, yanzu Baba yana duƙe yana juya ganye yana dubawa. Wasiƙar ƙanena ta zo ta tabbatar mini. Ciwon ya dawo, ya ce, kuma Baba ba ya tambayar lafiyata, iri yake tambaya.

A cikin yawon nan ne wata Asabar hanci ya kai ni bayan tashar jirgin ƙasa. Wani tsoho baƙi yana juya gyaɗa a cikin rabin ganga a kan wuta. Na tsaya na shaƙa, na ce masa da gurgun Ingilishina:

"Sauke. Tana ƙonewa."

Ya harare ni. Ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya duba, ya sauke gangar da sauri. Sannan ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ƙasata. Da na faɗa, sai ya juya harshe zuwa wani Faransanci tsoho mai tsatsa. Ashe yana saurayi an kai shi yaƙi a Faransa, ya zauna da sojojinmu baƙaƙe. Sunansa Otis. Na ce masa a wurinmu ba a kiran tsoho da sunansa tsirara, don haka Baba Otis zan riƙa ce masa. Ya ce in dai zan riƙa juya masa ganga, in kira shi duk abin da na ga dama.

Tun daga nan kowace Asabar ina wurinsa. Gyaɗar da yake soyawa saye yake yi. Amma a bayan gidansa akwai wata 'yar gona da ba ta fi zaure biyu ba, ya shuka wata gyaɗa mai yaɗo a ƙasa, ƙwayarta ƙanana jajaye. Ita ba ya sayarwa.

"Ta kakata ce," ya ce mini. "Ita ma ta kakarta ce."

Na duba na yaba don kunya. A raina kuwa na ce wannan 'yar abar ai ko kusa da ta siton Direkta ba ta kai ba.

Saura mini wata biyu in gama ya ce in zo in riƙe masa kwando a filin wasa. Besbol suke kiran wasan. Ƙungiyar garin za ta kara da ta wani gari, kuma duk wanda ya ci shi ke gaba a yankin. Ya ce mutanen nan ba su da wata sana'a, albashi ake biyan su.

"Baba Otis, ƙatti da gemu? A biya su don su yi wasa?"

"A biya su, ɗana. Wasu ma sun fi Direktanka samu."

Na yi salati na ɗauki kwando.

Rana tsaka muka shiga. Turawa suna ƙarƙashin rumfa mai inuwa. Mu kuma an ware mana wasu katakai a gefe, rana tana dukanmu, ɗan gajeren shinge ya raba mu da ciyawar fili. Ciyawa kuwa kore shar, an aske ta, ba a bar wa ko akuya ɗaya ba. Kafin ciniki ya kankama Baba Otis ya yi mini bayani. Ga mai jifa can a kan ɗan tudu a tsakiya. Ga mai duka da kulki. Ga wani tsugune a bayansa ya rufe fuska da ƙarfe yana cafewa. In mai duka ya samu ƙwallo, sai ya yar da kulki ya ruga, ya bi tasha uku da aka ajiye a fili, ya zagayo inda ya tashi.

"Nan ne gida," ya ce. "Duk wasan ke nan. Ka fita, ka zagaya, ka dawo gida ba a kama ka a hanya ba."

Ya ɗauki rabin ƙullayen gyaɗa ya tafi wancan ƙarshen, ya bar ni da saura.

Gaskiya wasan ya ishe ni. Tsayuwa ta fi gudu yawa. Mai jifa ya dubi hagu, ya dubi dama, ya tofa yawu, ya gyara hula, ya shafa wando, kai ka ce sadaki zai biya, sannan ya jefa. Na zauna, na tashi, na zauna. Mutane suna fasa gyaɗa suna zubar da ɓawo a ƙarƙashin katako, ni kuwa ina kallon ɓawon ina tunanin gonar Korgom. Abu ɗaya na lura da shi sosai: duk inda ƙwallon ya je, a ƙarshe wurin mai jifa ake mayar da shi. Na yanke a raina cewa nasa ne.

Can wajen la'asar fili ya ɗau zafi. Zagaye na ƙarshe ne, 'yan gari suna gaba da ɗaya, 'yan wancan garin suna da mutum biyu a kan tasha. Kowa ya miƙe. Mai jifan gari, wani saurayi ja mai faɗin kafaɗa, ya saki ƙwallo. Mai duka ya kai masa kulki, amma bai same shi daidai ba. Ƙwallon ya kauce, ya taso wajenmu yana kuka, mata suka sunkuya, ni kuma hannuna ya tafi da kansa. Na yi shekaru ina tsaye a kan katanga ana jefo mini tubali lokacin gini, hannun bai manta ba. Na ji tas a tafina, zafi ya ratsa har kafaɗa. Abin tauri kamar goriba.

Katakanmu suka kaure da ihu. Wannan ya daki bayana, wancan ya girgiza ni. Ni kuwa hankalina ba ya nan. Kayan mutane ne a hannuna, kuma a ganina wasa ya tsaya cak ana jira na. Ban lura ba cewa alƙalin wasa ya riga ya zaro wani ƙwallon daga aljihu.

In jefa masa? Ina ɗan shekara bakwai na taɓa jefa wa kawuna wuƙar yankan kaba daga ƙofar zaure. Baba ya kama kunnena ya ɗaga ni har na tsaya da yatsun ƙafa, ya ce mutum ba kare ba ne da za a jefa masa abu, in taka in kai masa. Tun ranar ban sake ba. Don haka na ajiye kwando, na tsallake shinge, na kama hanyar tsakiyar fili.

Da fari dariya na ji. Sai dariyar ta yi ta raguwa ina tafiya, har na koma jin takuna a kan ciyawa. Daga nesa na ji muryar Baba Otis yana kiran sunana, irin kiran da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na ce a raina bari in sauke nauyin nan tukuna.

Na isa gindin tudun. Na yi masa sallama, na rusuna, na miƙa ƙwallon da hannun dama, hagu tana riƙe da wuyan hannun. Saurayin ya daina tauna abin da ke bakinsa. Ya dubi rumfa, ya dube ni. Sannan ya miƙo hannun da ke cikin ƙatuwar safar fata, wato hagu. Na janye kaɗan. Ni ban zo daga Korgom don in sa wa mutum abu a hagu ba. Na nuna masa ɗaya hannun da haɓa. Ya tsaya kamar ba zai yi ba. Can sai ya soke nasa ƙwallon cikin safa, ya goge tafinsa a wando, ya miƙo dama. Na sa masa a ciki, yatsunmu suka haɗu, ya ce mini ya gode da ƙaramar murya.

Ban kai ga miƙewa ba na ji ni a ƙasa. 'Yan sanda biyu ne, ɗaya ya murɗe mini hannu, ɗaya ya danna fuskata cikin ciyawa. Na ji mai jifan yana cewa su bar ni, ba su ko kalle shi ba. Daga rumfa aka fara jefo kwalabe. Suka ja ni ta gaban katakanmu, kowa ya sunkuyar da kai.

Direkta ya zo ya fitar da ni daga ofishin 'yan sanda kafin magariba. A mota, da muka kusa makaranta, ya tambaye ni:

"Ka san yadda wasan ya ƙare?"

Na ce ban sani ba.

"Jifarsa ta farko bayan an fitar da kai, aka buga masa ita har bayan katanga. Garin ya sha kashi. Yanzu cewa ake yi ɗan Afirka ya shiga fili ya yi wa yaron asiri a hannu."

Na yi masa bayani iyakar Ingilishina, na haɗa da hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda da ni, amma shi a garin yake zaune. Bayan mako guda tikitina ya fito. Na shiga bironsa, wato ofishinsa, na ce ya riƙe takardar shaida, ban damu da ita ba, ya ba ni iri ko cikin tafi ɗaya ne. Ban taɓa roƙon mutum irin na ranar ba. Ya ce irin na hukuma ne, ba ya fita sai da takarda, takarda kuma ta wanda ya gama ce. Na fito na tsaya gaban wayar sito ina kallon buhunan. Wallahi na dubi kwaɗon nan, na dubi wani dutse a ƙasa. Sai na tuna mutumin tashar Niyu Yok, na juya.

Ana gobe zan tafi na je sallama da Baba Otis. Yana gani na ya fashe da dariya har tari ya kama shi. Da tarin ya lafa sai na ga idonsa ya yi ja.

"Da sun kashe ka, ɗana. A garin nan an kashe mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma ƙwallon naka ne! Duk wanda ya cafe a cikin 'yan kallo, nasa ne. Suna da su buhu guda."

"Kyauta, Baba Otis?"

"Kyauta."

Na zauna a kan bokiti na riƙe kai. Na gaya masa maganar mahaifina duka, yadda ya faɗe ta. Ya saurara har na gama. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. 'Yar jar gyaɗar nan ce, da ɓawonta, wadda ya ajiye don shuka.

"Kakata ta ce daga ƙetaren ruwa aka zo da ita, a jirgin da ya kawo mutanenmu. Ban san gaskiya ba, ban kuma san daga wace ƙasa ba. 'Ya'yana suna birni, ba mai shukawa bayana. Kai kuma na ga mutum ne mai mayar wa mutane kayansu."

Ya ɗaure ƙullin, ya miƙo da hagu, sai ya tsaya, ya yi murmushi, ya mayar da shi dama. Na karɓa da hannu biyu.

A cikin safar ƙafa na ɗura gyaɗar, na cusa a ƙasan jaka, ba wanda ya bincika. A Yamai aka tsayar da ni a biron gwamnati ana yi mini faɗa da Faransanci mai kyau, aka ce kujerar da aka tanadar mini an ba wani. Na hau babbar mota zuwa Maraɗi, wata zuwa Tasawa, sauran na taka da ƙafa. Duk hanyar ina shirya magana ina rushewa. Babu takarda, kuma irin da ke jakata ba shi aka aike ni ba.

Na sami Baba a gona ana tono. Ya rame. Tarin gyaɗar da ke gefensa bai kai gwiwa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ajiye hauya ba. Na ba shi labari tun daga akwati har filin wasa, ban rage komai ba. Da na kai wurin tudun sai ya dakatar da ni.

"Da wane hannu ya amsa?"

"Da dama, Baba."

"To. Ina iri?"

Na zaro safa na zazzage a kan zanen da ke ƙasa, ina jin kunyar ƙanƙantarta. Ya ajiye hauya. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya fasa, ya zuba jajayen ƙwayoyin a tafinsa, ya kai kusa da ido. Ya daɗe a haka, har na fara ba shi haƙuri.

"Yi shiru," ya ce. "Wa ya ba ka wagga?"

Na faɗa masa.

"Wagga ai tamu ce. Ita innata ka shukawa bayan ɗaki. Da Nasara suka kawo tasu mai manyan ƙwaya, suka ce ita kaɗai za su saya, sai muka bar ta. Na neme ta Kona, na neme ta Bawdeta, har Mayahi na aika, babu mai ko ƙwara guda." Ya goge ido da bayan hannu. "Tsohon nan yana da rai?"

"Yana da rai, Baba."

"In mun tona baɗi, ka auna mishi nashi. Ba a amsar iri a hana mai shi."

Da damina ta zagayo muka shuka ta a kusurwar gabas. Ciwon ya zo ya taɓa ta, amma bai kwantar da ita ba. Na auna wa Baba Otis tiya guda na farkon tono, na ɗinke cikin ƙyalle, na kai gidan waya na Tasawa. Bayan wata biyar ƙullin ya dawo mini da tambari a kai, ba a buɗe ba. Mai gidan waya ya karanta ya ce mai sunan ya rasu. Na kai wa Baba ƙullin. Ya riƙe shi a cinya ya yi addu'a, sannan ya ce kada kowa ya ci, a shuka shi daban, gonar tsohon ce.